Hoton Ɗan Fari

Ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba. Ba ƙiyayya ba ce, haka muka taras. A ƙauyenmu na wajen Sabuwa mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi mashi wasa, ba ta zuba mashi ido. Ranar da aka yaye shi uwar mijina ta goya shi ta kai ɗakinta, can ya girma. Ita yake ce ma Inna. Ni kuwa Yaya yake ce mani, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗi. In ina son ya miƙo mani abu sai in ce, "Wani ya miƙo mani tsintsiya." Wanin ya san kansa.

Ƙauyen yanzu babu shi. 'Yan bindiga suka zo, suka sake zuwa, a zuwan ƙarshe suka sa wuta. Mijina bai fito ba. Ba zan ja maganar ba. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba Allah ya sa kada ya gani. Muka fito ni da Inna da yara da kayan jikinmu, muka ƙare a Yankara. Na ari tukunya, na kafa murhu a bakin tasha. Shinkafa da wake da safe, tuwon masara da rana. Har yau nan nake.

Ɗan farin kuma ya kama aikin facin taya a gefen tashar. Lokacin ya riga ya zama saurayi, gemu ya fara tsirowa, in ji masu kallonsa. Wani direban tirela da ke yawan tsayawa wurinsa ya bar mashi tsohuwar kyamara, baƙa, mai igiyar ratayawa, an ɗaure murfin batirinta da roba. Yadda suka ƙare ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Daga ranar dai abin ya shiga ransa. Cikin 'yan watanni duk tasha ta manta da sunansa, sai mai hoto. Wannan ya yi mani daɗi. Na samu abin da zan ji ana kiransa da shi ba sai na sunkuyar da kai ba.

Motoci ya fara ɗauka. Ranar kasuwa gingimari ke cika bakin hanya, an lafta masu buhunan masara da waken suya har suna nishi. Sai ya bar taya a cikin ruwan gwaji, ya je ya kwanta rub da ciki a ƙasa, ya ɗaga kyamara sama. Wai ta haka mota ke fitowa da girmanta. Rigarsa kullum ƙasa da baƙin mai. Direbobi kuwa kamar mata a gidan biki. Mutum zai goge gilashi, ya sa baƙin tabarau, ya ɗora ƙafa ɗaya kan taya, ya riƙe makulli yadda za a gani.

"Mai hoto, zo ka ɗauke ni da amaryata!"

"Oga, amaryar taka ai tayar gabanta sanƙo ce."

"To uban wa ya hana ka zagayowa ta ɗaya gefen?"

Ya fi son bayan motocin katako, inda ake zana zaki da ɗawisu da jirgin sama, da rubutun da ban iya karantawa. Yakan kai Funtuwa a wanko, ya ba kowa nasa, ya riƙe wanda ya fi burge shi.

Daga mota ya koma kan mutane. Masu dako, mata masu nono, tsofaffin da suka baro ƙauyukansu irinmu suna zaune a inuwar masallaci ba aikin yi. Ba ya cewa a yi murmushi. Zai tsaya ya yi ta jan mutum da hira, ya tambaye shi gonarsa, ya tambaye shi sunan sansa na huɗa, sai fuskar ta saki, sannan ya danna. Akwai wani dattijo Bamaguje da ya ce ba za a ɗauke shi ba sai ya koma gida ya ɗauko gatarinsa, don babu wanda ya san shi ba gatari a kafaɗa. Aka jira shi.

Sai kiɗa. Nan ne hankalinsa ya tafi gaba ɗaya. In aka ce ana wasa a Kankara, ko an yi kaka ana kalankuwa a Ketare, to faci ya tashi ranar. Ya hau bayan a-kori-kura ya tafi. Masu kalangu, masu gangar noma, har 'yan zamani masu fiyano da lasifika, duk yana bin su. Na ga wani hoto da ya ɗauko na makaɗi, ya matse kalangu a hammata, jijiyar wuya ta miƙe, gumi na tashi daga goshinsa kamar an watsa gero. Na daɗe ina kallonsa. Har na ji kamar kiɗan a kunnena. Ban faɗa ma kowa ba.

Duk hotunan nan bangon ɗakin Inna suke ƙarewa. Ita da shi wasan jika ne tsakaninsu, maigida take ce mashi.

"Maigida, ka cika mani ɗaki da ƙartin maza da motoci. In na mutu masu wanka su shigo su ce mi?"

"Su ce tsohuwa ta ci zamaninta."

"Ja'iri. Ni ina nawa?"

"Ga shi can, kusa da tirelar da ta fi ki haƙora."

Kowa ya ɗauka a tashar nan, ban da ni. Ba don bai gwada ba. Zan ji shi ya zo ta gefen rumfa, ya tsaya kamar hayaƙi yake kallo. Da ya ɗaga kyamara sai in juya baya, ko in ja gyale. Yana da hoton bayana. Yana da hoton hannuna riƙe da mara. Tukunyata kuwa ta fi kowace mota yawan hoto. Bai taɓa cewa in juyo ba, ni ma ban taɓa cewa ya daina ba.

Wata safiya ina wanke shinkafa, sai na nemi fuskar mijina a raina, na rasa. Na tsaya da hannu cikin ruwa. Na san yana da wushirya. Na san hularsa, na san tarinsa, na san takunsa in ya dawo daga gona. Amma in haɗa fuskar ta tsaya mani gaba ɗaya, ta ƙi. Hotonsa guda ne a duniya, na jikin katin zaɓe, shi ma yana cikin ɗakin da aka ƙona. Na gama wanke shinkafata na ɗora. Mutane na jiran abinci. Amma ranar na san fuska ma tafiya take, ba sallama.

Bayan kaka sai ga magana. Wani mawaƙi na Kankara, mai kalangu da 'yan amshi, ya ga hotunansa, ya ce ya bi su yawon wasa. Kaduna, Neja, har Kudu inda 'yan Arewa ke zaune. Sai damina za su dawo, ko su wuce. Inna ya faɗa ma, a tsakar gida, da murya sama yadda za ta kai ƙofar ɗakina. Inna ta sa albarka. Ni na ce ma murhu, "Allah ya tsare hanya."

Na san hanya. A bakinta nake zaune. Na ga motocin da ake jawowa tasha, gilashi a fashe, ƙofa duk huji, takalman mutane a ciki babu masu su. Shi ma ya gani, ya ɗauki wasu. Waɗannan ba ya manna su a bango.

Ran nan Inna ta tafi barkar haihuwa a maƙwabta, na shiga ɗakinta. Na bi bangon nan tun daga bakin ƙofa har bayan gado. Direbobi, makaɗa, ƙannensa, masu nono, jakin wani mai itace. Babu shi. A wani hoton ga inuwarsa a ƙasa, doguwa. A wani ga shi cikin madubin mota, kyamara ta rufe fuskar duka, sai kunne guda. Shi ke nan abin da ke akwai. Mutumin da ya ajiye fuskar kowa, tasa babu.

Washegari na ƙona wake. Ban taɓa ba.

Maƙwabciyar rumfata mai ƙosai ce ta fara jin ƙauri. 'Yar wajen Ketare ce, iyayenta Maguzawa, ita tana zuwa coci. Tare muka kafa murhu a tashar nan, ita ma gudu ya kawo ta. Bakinta ba ya da ƙofa.

"Ke, wake na kuka."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Tun ɗazu kike kallon itace kamar shi ya kashe maki kaza. Tafiyar mai hoto ce?"

"Wane ne haka?"

"Ɗanki. Wanda kika haifa da cikinki. Ko tsinto shi aka yi a kasuwar Yankara?"

"Ke kina faɗin sunan taki ta farin?"

"Allah ya kiyaye. Amma ni ban ƙona ƙosai ba."

Ta yi ta tono har na faɗa. Gajeruwar magana na yi. Na ce babu hotonsa, kuma zai hau hanya.

"To ki ce ya ba ki mana."

"Da wane baki?"

"Ni in ce."

"In kika ce ya san ni ce."

"A sa ƙanwarsa ta ɗauke shi da waya."

Na ce an sha gwadawa, ba don ni ba. Direbobi sun gwada, ƙannensa sun gwada. Da ya ga an ɗaga waya sai ya kare fuska da hula ya juya, wai mai hoto ba ya shiga hoto.

Ta tuntsire da dariya har ta kusa kifar da mai. "Oh ni! Wa ya koya mashi juya baya, ƙawa? A nono ya sha."

Na ce ta kama bakinta, ta ce ta kama. Ashe da yamma gidanmu ta wuce ta zauna da Inna. Sai daga baya na sani.

Kafin tafiyar, shugaban direbobin tasha ya yi auren ɗansa. Aka ɗauko mawaƙin nan na Kankara. Yanzu ba a wasan dare a wajenmu, da la'asar ake yi a watse kafin magariba. Aka jera gingimari biyu aka yi fili a tsakaninsu, aka tada janareta, aka ɗaura lasifika a jikin bodin mota. Ni aka ba dahuwa, mai ƙosai na taya ni. Muna daga gefe, bayan tukwane, inda muke ganin fili.

Sai ga Inna da sandarta. Ita da ko ƙofar gida ba ta cika fita ba. Ta sa a shimfiɗa mata tabarma dab da ni. Na ga ta kwance bakin zane ta fiddo goro manya farare, ta yafito sanƙiran mawaƙin, ta yi mashi raɗa. Ya yi dariya ya ce, "An gama, Hajiya." Na ɗauka kirarin kakanninta take saye.

Kiɗa ya yi kiɗa. Direbobi na shiga ɗaya bayan ɗaya, ana wasa su da motocinsu. Mai hoto kuwa yana ko'ina. Yanzu yana saman bodi, an jima ya durƙusa gaban masu kalangu har suna kusan taka shi. Da wutsiyar ido nake ganinsa, yadda na saba.

Kawai sai mawaƙi ya ɗaga hannu, kalangu ya sauya.

"Ina mai hoto, jikan tsohuwa? Kowa ka kama, yau mun kama ka!"

'Yan amshi suka ɗauka. Fili ya kaure da ihu. Ya girgiza kai, ya fara ja da baya, yaran mota suka tare shi. Inna ta buga sanda a ƙasa.

"Maigida! Na ba da gorona, za ka kunyata ni gaban jama'a? Shiga ka taka, in ga ko ƙafar taka ta iya wani abu ban da bin motoci."

Ba yadda zai yi. Wanda aka wasa ba ya ƙin shiga. Amma ba a rawa da kyamara a wuya. Direbobi suka miƙo hannu, kowa na cewa kawo in riƙe, ya hana, ya san su. Ya zo wurin Inna zai ba ta.

"Ni hannuna rawa yake, in yar maka. Aje can kan faifai."

Faifan yana jikin gwiwata. Ya durƙusa ya ajiye, bai dube ni ba. Bai kashe ta ba, gilashin bayanta na nan da haske. Ya miƙe, ya ce ma iska, "Wani ya kula mani da ita. Kada a danna na saman nan, shi ke ɗauka."

Ya shiga fili.

Na zauna. Mai ƙosai ta zungure ni da gwiwar hannu. Na ce ta bari. Ta miƙe ta ware gyalenta kamar tana kaɗe toka, ta tsaya ta kare ni daga mutane. Inna ta juya kai can gefe tana tauna goro, wai ita ba ta ga komai ba.

Na goge hannu a zane. Na ɗauka. Ta fi yadda nake zato nauyi. Na ce a raina, ai ba shi zan kalla ba, gilashi zan kalla. Da wannan na lallashi kaina.

Da farko sama na gani, sai lasifika, sai ƙeyar wani. Na sauke hannu kaɗan. Sai ga shi.

Rabona da in kalli fuskar nan sosai tun yana shan nono. Na san tsawonsa, na san muryarsa, na san bayansa kamar yadda ya san nawa. Fuskar ce ban sani ba. Yana dariya, kunya ta kama shi, ya karkata kafaɗa ɗaya yana jan ƙafa. Ga wushirya. Ga goshin. Ga yadda ido ɗaya ke ƙanƙancewa in an yi dariya. Ubansa ne tsaye a fili, ranar kalankuwar da na fara ganinsa. Abin da na nema cikin ruwan shinkafa na rasa, ashe kullum yana wucewa ta gaban rumfata yana gara taya.

Na danna. Na sake dannawa. Ban san sau nawa ba, na yi ta dannawa har kiɗa ya sauka. Na mayar kan faifai, na ɗauki muciya na hau tuƙa tuwon da ya riga ya tuƙu.

Inna ba ta juyo ba. Ta ce a hankali, "Sai yau kika sani?"

Na ce, "Hayaƙi ne, Inna." Don ta ga ina share ido.

"Hayaƙi ne," in ji ta.

Ya dawo yana haki, direbobi na dukan bayansa. Ya ɗauki kyamara, ya duba bayanta. Ya daɗe yana dubawa, yana matsawa da yatsa. Ni ina tuƙi.

"Inna, wani ya ɗaukar mani sama da ƙafafun mutane da yawa."

"Iska ce ta danna."

"Iskar ta iya, ba laifi. Sai dai tana yanke kai."

Mai ƙosai ta ce, "To iskar ce ranar farko, ka yi mata uzuri." Na taka mata ƙafa.

Ana gobe zai tafi ya je Funtuwa ya dawo. Da la'asar Inna ta aiko ƙanwarsa ta kira ni. Na same ta zaune bakin gado, da hoto guda a cinya.

"Wannan ja'irin ya kawo mani wani tarkacen. Bangona ya cika, ba ni da wurin sa shi. Ki aje mani a wurinki."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce to.

Sai da na shiga ɗakina na duba. A karkace yake, kamar filin zai zube gefe guda. Saman hularsa babu. Gwiwar hannun wani direba ta cinye kusurwa ɗaya. Amma fuskar na nan, duka, baki buɗe yana dariya. In aka jera shi da nasa hotunan, ko a bayan ƙofa ba zai samu wuri ba. Ni na ɗauka.

Da safe motar mawaƙin ta tsaya a tasha. Mai hoto ya yi sallama da Inna a gida, sun yi ta zage-zagensu. Ya zo rumfata da jaka a kafaɗa, ya durƙusa daga gefe.

"Yaya, za mu tafi."

"Allah ya tsare. A riƙe salla. A ci abinci." Na tura kwanon shinkafa da wake gaba, na ce, "Wani ya ɗauki wannan."

Ya ɗauka. Ya miƙe, bai tafi ba. Na ji ƙarar igiyar kyamara.

"Bari in ɗauki tukunyar nan, kada in manta ta."

Gyalena na kafaɗa. Hannuna ya tashi zai ja, na mayar da shi kan mara. Ban juya baya ba. Na kalli tukunya, na kalli tukunya, sannan na ɗago. Ya danna sau ɗaya.

Wannan hoton ban gan shi ba har yau. Bai kawo shi bango ba. Ƙanwarsa ta ce yana cikin aljihun jakarsa, a leda, duk inda ya je.

Yana dawowa in damina ta faɗi, ya yi faci, kaka ta yi ya sake bin makaɗa. In ya bugo waya ƙanwarsa yake kira, ya sha hira da Inna, a ƙarshe ya ce, "Yaya tana nan?" Ni kuma in ce, "A ce mashi muna nan." Har yanzu ban kira sunansa ba, kuma ba zan kira ba.

Hoton da na ɗauka yana cikin langa, ƙarƙashin zannuwa, inda ɓera ba ya kaiwa. In na ji an ce hanya ba lafiya, nakan rufe ƙofa in buɗe langar. Ina ganin su duka biyun, shi da ubansa. Sannan in mayar, in fita in hura wuta.